Baba Kwali da Famfon Hita

Ƙarfe bakwai saura kwata yake buɗe gareji. Ba ya taɓa mota sai ya yi shara. In ya gama, ya ɗauko kwalaye daga bayan ƙofa, irin waɗanda masu sayar da firji ke zubarwa, ya farke su, ya zura ɗaya ƙarƙashin kowace motar da aka kawo masa. Daga nan ya zauna a kan tsohuwar kujerar bas da ya jingina da bango, ya sha shayinsa. Minti ashirin. Ko mai motar zai yi tsalle ya dire, ba zai ɗauki sifana ba sai lokacin ya cika. In ya tashi sai ya jawo kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya ga abin da ya ɗiga. Baƙi ne ko ja ko kore, ta gaba ne ko ta tsakiya. Ya dangwala da yatsa, ya murza, ya sansana. Sannan ya san inda zai sa hannu.

Dalilin sunan ke nan, Baba Kwali. Shekara arba'in da shida yana kanikanci a wannan rumfa. Ƙarshen watan nan zai rufe. Ido ya yi rauni, hannun dama ya fara rawa, 'ya'yansa sun matsa masa ya huta. Babu wanda zai shirya masa taro. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma na ga in na yi shiru a kan wannan mutumin na ci amana.

Mai walda da ke maƙwabtaka da shi, shekara talatin suna tsokanar juna, shi ya ba ni labarin motar makaranta. Direba ya kawo ta a sauya fitila kawai. Baba ya zura kwali kamar yadda ya saba. Da ya jawo, sai ga ɗigo biyu na man birki kusa da tayar baya. Ya zare makulli ya jefa aljihu. Direba ya yi ta hayaniya, wai yara na jiransa, wai fitila ya kawo ba birki ba. Baba ya ce, "Yaran su jira. Gara iyayensu su zage ni yau." Da aka kwance, bututun birkin ya cinye, saura ƙiris ya fashe. Direban nan har yanzu in ya wuce sai ya danna hon sau biyu.

Akwai kuma wata malamar asibiti da aka ce wa injin motarta ya mutu, sai dai sabo. Baba ya duba kwali, ya ɗaure kilif ɗaya na tiyo, ya ce ta tafi. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Shi ke nan?" Ya ce, "In kina so in kwance injin don ranki ya yi daɗi, sai ki bar ta."

Waɗannan ji na yi. Ga wanda na gani.

Motarmu ta girme ni da shekara ashirin. Ta Abbanmu ce, Allah ya jiƙansa. Tun kafin a haife ni Umma ke zama a kujerar gaba kusa da direba, kuma ba ta taɓa sauya wuri ba. Bayan rasuwarsa ni na koma tuƙi. Umma tana da ciwon suga, daga baya ya taɓa ƙoda. Litinin da Alhamis nake kai ta wankin ƙoda. Awa huɗu take yi a kan na'ura. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sanyin da ke biyo baya. Ana rana tsaka, mutane na fifita, ita haƙoranta na haɗuwa. Bargo biyu ba sa yi mata komai, ta ce sanyin daga cikin ƙashi yake fitowa. Abu ɗaya ne ke kwantar da shi: in na tura maɓallin hita zuwa ja, iska mai zafi ta sauko kan ƙafafunta. Kafin mu kai rabin hanya ta daina karkarwa.

Wata Alhamis muka dawo, na durƙusa zan cire mata takalmi, sai na ga safarta a jiƙe. Da na zare, bayan ƙafar ya tashi, ya yi bororo. Ruwan zafi ne ya ɗiga mata daga ƙarƙashin dashbod, tun daga asibiti har gida. Ba ta ji ba. Ciwon suga ya kashe mata jin ƙafa.

Kawu, yayan Umma, ya zo ya ga ƙafar. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya karɓi makulli ya kai motar wurin wani bakanike a bakin titi. Cikin rabin awa aka gama. An zare tiyo biyun da ke kai ruwan zafi cikin hita, an haɗa bakinsu da guntun bututu. Yoyo ya tsaya. Hita ma ta tsaya.

"Haka ake yi wa kowace tsohuwar mota," in ji Kawu. "Wata tara muna zufa, me za a yi da hita?"

Ban ga laifinsa ba. Ƙanwarsa ce ta ƙone.

Zuwa biyu muka yi babu hita. A na biyun sai da na tsaya a gefen titi na riƙe mata hannu, saboda yadda take jijjiga kujera. Da muka isa gida ta kwanta, ba ta ci komai ba har washegari. Litinin da ta zagayo na tayar da mota, na shiga ɗakinta, na same ta zaune ba ta shirya ba.

"Kashe motar," ta ce.

"Umma, za mu makara."

"Ba zan je ba. Allurar zan iya, awa huɗun zan iya. Sanyin nan ne ba zan iya ba. Ka bar ni."

Na roƙa. Kawu ya roƙa ta waya. Ba ta je ba. Da rana nas ɗin da ke kula da ita ta kira ni, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce in Umma ta sake tsallake ta Alhamis, ruwa zai taru ya hau ƙirji, kuma daga nan ba a mota za a kawo ta a zaune ba.

A ranar na zaga gareji uku. Na farko ya yi dariya. Na biyu ya ce famfon irin wannan mota an daina yinsa tun kafin ya fara koyon aiki. Na uku ya ce in saya mata bargo na uku.

Sai na tuna da Baba Kwali. Wurinsa Abba ke kai motar. Bayan rasuwar muka daina zuwa, saboda Kawu ya ce tsohon ya cika nawa.

Talata da safe na shiga garejin. Yana zaune da kofinsa, bai ɗago ba, ya ce, "Wannan ƙarar na san ta. Shekara huɗu ke nan." Sannan ya dube ni. "Kai ne ƙaramin? Ka yi tsawo. Allah ya jiƙan mahaifinka."

Na ce, "Baba, hita nake so a mayar." Na tsaya ina jiran dariya.

Bai buɗe bonet ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofar kujerar Umma. Ya ga barguna biyu a naɗe. Ya ga safa mai kauri a aljihun ƙofa. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa tabon da ruwa ya bari a kan kafet, ya sansana yatsansa. Ya daɗe a durƙushe.

"Wa ke jin sanyi a gidanku?"

Gareji uku na je, babu wanda ya tambaye ni wannan. Ya ce, "Zauna tukuna." Na zauna a kujerar bas ɗin, na gaya masa komai, har abin da nas ta ce.

"Alhamis ƙarfe nawa?"

"Shida na safe."

"To muna da yau da gobe."

Kai ne, Baba, ka bar motoci uku da ke gabanmu a layi, ka kira masu su ɗaya bayan ɗaya ka ce su yi haƙuri sai Juma'a. Ɗaya ya zo ya ɗauke tasa yana ƙunƙuni. Ko kallonsa ba ka yi ba.

Ya nuna mini abin da ya lalace. Wani ɗan famfo ne na tagulla, bai kai tafin hannu ba, a maƙale ƙarƙashin dashbod daidai saitin ƙafar Umma. Ruwan zafi daga injin ta cikinsa yake bi ya shiga hita. In ka tura maɓalli, waya ce ke jan hannunsa ya buɗe ko ya rufe. A cikinsa akwai wata 'yar roba da ke hana ruwa fita. Shekara arba'in tana shan zafi, ta bushe ta tsage.

Ya rage ruwan lagireto a bokiti. Ya kwanta rigingine a cikin motar, kai a ƙarƙashin dashbod, ƙafafu a waje. Mutum mai shekara saba'in. Mai walda ya leƙo ya ce, "Tsoho, in ka maƙale a nan ba ni da ƙarfin jawo ka. Sai dai in yanka motar."

"Ka taɓa motar nan da wutarka, in sa a ƙwace maka tabarau," in ji Baba daga ciki.

Awa guda kafin ya fito da famfon, domin sukurorin sun yi tsatsa, kuma ya ƙi ya karya ko ɗaya. Ragowar ranar ya tafi yawon nema. Ya je wurin masu yanka tsofaffin motoci, ya zazzage gwangwanayen da yake tara kaya a ciki tun yana saurayi. Ya sami biyu masu kama, duka robarsu ta fi tamu mutuwa. Da la'asar ya ce, "Babu. Namu za mu gyara."

Laraba na iso kafin ya buɗe. Ya ce aikin sai da hasken safe, idonsa ba ya ganin ƙananan abu in rana ta juya. Duk da haka sai da ya yi shara.

Ya ɗora gwangwanin madara a kan risho, ya zuba ruwan lagireto, ya jefa guntayen roba uku a ciki. Mai walda ya ce, "Yau kuma girki ake? A sa mini nawa da yaji."

Baba bai kula shi ba. Ni ya yi wa bayani. "Kowa zai iya yanko robar tayar keke ya sa. Za ta riƙe sati biyu. Ranar da za ta saki, ƙafar mahaifiyarka na ƙasa." Ya bar su suna tafasa kusan awa. Ta tayar keke ta yi laushi kamar danƙo. Ta biyun ta ƙandare. Ta ukun, wadda ya yanko daga wani sabon tiyon lagireto ya kankare ta har ta yi siriri, ta fito yadda ta shiga. Da ita ya yi aiki.

Murfin famfon ba sukuro ke riƙe da shi ba, wasu ƙananan haƙora ne guda shida da aka lanƙwasa tun daga masana'anta. Sai an miƙe su a buɗe, a sake lanƙwasa su a rufe. Ya ce tsohuwar tagulla sau ɗaya take yarda, in an matsa mata sau biyu ta karye. Ya miƙe su a hankali. Ya ɗora tsohuwar robar a kan sabuwa ya zana, ya yanka da reza. Hannun na rawa. Sai ya dafe wuyan hannun dama da na hagu, ya ci gaba. Na kau da kai.

Ya rufe. Ya toshe baki ɗaya, ya haɗa ɗayan da famfon keke, ya nutsa abin cikin bokitin ruwa. Mai walda ya buga iska. Muka sunkuya mu uku.

Ƙwayar iska ɗaya ta taso. Can wata ta biyo.

"Wannan ai ba komai ba ne," in ji mai walda. "Ko sabo yana yin haka."

"Sabo na wa?" Baba ya ce. Ya ciro shi ya goge.

Ya sake miƙe haƙoran. Na huɗu ya karye, ya faɗa ƙasa da ɗan ƙara. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, gobe Alhamis.

Baba ya tsinci guntun, ya miƙa wa maƙwabcinsa a tafin hannu. "Shekara talatin kana cika mini baki kai gwani ne. Ga ranarka."

Mai walda ya daina wasa. Ya rage wutarsa har ta zama kamar tsinken ashana, ya liƙa haƙorin da tagulla. Da ya gama gumi ya jiƙa masa riga. Baba ya duba ya ce, "Ba laifi." Mai walda ya ce mini wannan ne yabo mafi girma da ya taɓa samu a bakin Baba.

Inda iska ta fita, bakin murfin ne ya ɗan ci tsatsa. Baba ya goge shi da takardar yashi mai laushi a kan gilashi har ya kwanta daidai, ya yanka sabuwar roba, ya rufe. Aka sake nutsawa. Aka buga iska, aka ƙara. Ruwan bokiti bai motsa ba. Baba ya kalli agogo, ya bar shi minti ashirin cif. Ko ƙwaya ɗaya.

Na ɗauka an gama. Ashe da saura. Ya cire guntun bututun da aka tsallake hita da shi, ya sa sababbin tiyo da kilif. Ya daidaita wayar maɓalli yadda in an rufe zai rufu duka. Ya cika lagireto, ya bar injin yana aiki da murfi a buɗe har iskar da ta shiga ta fita. Sannan ya yanko gwangwani ya lanƙwasa shi kamar ɗan kwano, ya ɗaure ƙarƙashin famfon, ya sa masa siririn tiyo da ya ratsa ya fita waje.

"Na yarda da aikina," ya ce. "Amma ni ba Allah ba ne. In ya sake yoyo, titi zai ƙona, ba ƙafarta ba."

Da la'asar ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya shiga kujerar baya. Na ce, "Baba, ina za mu?"

"Gidanku. Ba na sallamar mota sai mai kujera ya zauna."

Umma na kwance, ƙafafu sun fara kumbura. Na ce mata ga Baba Kwali a ƙofa. Ta ce in ce ta gode, ba ta jin daɗi. Ashe ya ji. Daga tsakar gida ya ɗaga murya.

"Hajiya, ba dubiya na zo ba. Aiki na yi, ban san ko ya yi ba. Yaron nan bai san komai ba, in na tambaye shi sai ya gyaɗa kai. Ke kika san zafin motar nan tun tana sabuwa. Ki zo ki duba mini, in bai yi ba in koma in sake."

Can na ji tana neman mayafi.

Na riƙe ta har mota. Ta zauna a wurinta. Baba ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin ƙafafunta. Injin da ma da zafinsa. Na tura maɓalli zuwa ja.

Ƙafar ba ta ji, don haka ta sunkuya ta miƙa hannu ƙasa. Ta bar shi a wurin. Iskar na kaɗa bakin zanenta.

"Ya fi na da zafi," ta ce.

"Na da ɗin rabinsa a toshe yake," in ji Baba. "Na sha gaya wa maigidanki ya kawo in duba, kullum sai ya ce gobe."

Umma ta yi dariya. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta. Ta goge ido da bakin mayafi, ta juyo ta dube ni.

"Gobe ƙarfe nawa suka ce?"

"Shida, Umma."

"To ka tashe ni biyar. Kada ka makarar da ni."

Ta je. Da muka fito tana karkarwa kamar kullum. Kafin mu kai shataletale na biyu ta ture bargo ɗaya. Kafin mu isa gida ta yi barci, kanta a jingine da gilashi. Na tsaya a ƙofar gida ban kashe motar ba sai da ta farka da kanta.

Wata biyar ke nan. Ba ta sake tsallake ko ɗaya ba. Likita ya ce jikinta na karɓar wankin. Kawu da kansa ya je garejin ya yi godiya, ya dawo yana cewa shi da ma ya san tsohon gwani ne. Na ƙyale shi.

Baba, na san ba za ka so wannan rubutu ba. Za ka ce roba ce kawai ka yanka. To, roba ce. Amma mutum uku sun kalli motar nan sun ga tsohon ƙarfe, kai ka buɗe ƙofa ka ga bargo. Kai ne mai karanta ɗigo. Kai ne wanda ya dafe hannunsa mai rawa da ɗayan don kada reza ta kauce. Ba ka taɓa shiga ɗakin wankin ƙoda ba, ba ka san sunan na'urar ba, amma kana cikin waɗanda suka riƙe mini uwa. Na gode. Umma ta gode, kullum kana cikin addu'arta. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa idonka haske, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da abin da ka yi mana.

Ku kuma da kuka koyi aiki a hannunsa, kuna da yawa, kowa ya buɗe nasa gareji. Da ku da sauran masu sana'a, ba kanikawa kaɗai ba. Ban ce ku yi nawa irin nasa ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ku ce wa mutum abin nan ba shi da amfani a cire, ku buɗe ɗaya ƙofar, ku tambaya wa ke zama a wurin.

Jiya na biya ta garejin. Ya fara kwashe kaya. Mai walda na zaune a kujerar bas, wai gadonsa ce, Baba na cewa sai dai ya saya. Da zan tafi ya shiga bayan ƙofa ya ɗauko ragowar kwalayensa, ya ɗaure da igiya, ya sa mini a but.

"Duk Litinin da Alhamis ka sa sabo a wurin ƙafarta," ya ce. "Ka duba kafin ta shiga."

Yau Alhamis. Na duba da safe. A bushe yake.